Man birkin MGB yana raguwa amma babu ɗigo a ƙasa, ina yake tafiya?

Wani ɗan uwa ne ya turo tambaya, yace motar marigayi mahaifinsa ce, MGB ƙirar 1971, ta yi wajen shekara tara a ajiye cikin gareji, bana ya tada ita. Inji ya tashi lafiya lau amma man birki kullum raguwa yake, duk sati sai ya ƙara, har kwali ya shimfiɗa a ƙarƙashinta ya kwana bai ga ko ɗigo ɗaya ba. In ya tsaya a danja ya ɗora ƙafa a birki sai yaji feda tana sulalewa ƙasa a hankali. Bakanikensa ya canza fad, wato takalmin birkin gaba, ya cire iska har sau biyu, ƙarshe yace masa ai tsufa ne, ya riƙa ƙara mai kawai. Yana tambaya ina man ke tafiya, kuma me ya kamata ya saya.

To ƙanena, da farko Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na biyu kuma don Allah ka ajiye makullin motar nan tukuna, kar ka ƙara fita da ita ko da zuwa bakin layi ne, zan gaya maka dalili.

Man birki ba fetur bane da ake ƙonawa, ba kuma baƙin mai bane da tsohon inji ke sha. A rufe yake cikin bututu, inda ka zuba shi nan ya kamata ka same shi. Eh yakan ɗan sauka kaɗan in fad na cinyewa saboda fistin na ƙara fitowa waje mai na bin bayansa, amma wannan abu ne na watanni, ba na sati ba, balle kai da aka saka maka sabon fad ma. Ruwa baya tsami banza. In yana raguwa duk sati to fita yake, kawai dai inda yake fita ne ba ya kaiwa ƙasa, shi yasa kwalinka ya kwana a bushe.

Abinda yasa nace ka ajiye ta shine ita MGB, wadda aka yi ta ƙerawa a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, birkinta iri biyu ne. Waɗanda aka kai Amurka tun daga ƙirar 1968 masta, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai zuwa tayoyi, mai layi biyu aka saka musu saboda dokar can ta tilasta, wato in layin baya ya fashe na gaba na nan yana riƙe. Amma waɗanda aka sayar a Ingila da ƙasashe da yawa sun daɗe bayan haka da layi ɗaya tal. Taka in sitiyarinta a dama yake kuma ka buɗe bonet kaga bututu ɗaya ne kacal ya fito daga masta, to layi ɗaya ce. Ma'ana duk tayoyi huɗun a kan mai ɗaya suke, roba ɗaya ta fashe a ko ina feda ta tafi ƙasa gaba ɗaya, abinda zai rage maka hambirki ne da salati. Motar zamani tana yi maka uzuri, wannan bata yi.

Yanzu kafin ka sayi ko wosha ɗaya, zo mu tambayi fedar ita kanta, don tana magana in ka iya saurare. Inji a kashe, ka taka da ƙarfi ka riƙe kamar minti ɗaya, sannan ka saki ka sake takawa a hankali, ɗan dannawa kaɗan irin na wanda ya tsaya a danja. In da ƙarfi ta tsaya cak amma da sanyi-sanyi tana sulalewa, wannan halin masta ne, robar ciki ta gaji, in an matsa da ƙarfi bakinta na buɗewa ya kama bango, in an lallaɓa sai mai ya zagaye ta. In ko yaya ka taka tana tafiya kuma mai na raguwa, to akwai inda yake tsiyaya waje. In tayi taushi kamar soso iska ce, ko tiyo ne ke kumbura. In kuma tana nisa kafin ta kama amma da ka yi famfo sau biyu ta taso tayi tauri, sau da yawa birkin baya ne kawai ke son ɗauri, don na MGB da hannu ake ɗaure shi, akwai ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu a bayan farantin dirom, baya ɗaure kansa.

Naka bayanin alamomi biyu ya haɗa, sulalewa da raguwa, shi yasa ni hankalina ya tafi wurare uku ne da mai ke ɓuya ba tare da ya taɓa ƙasa ba.

Na farko kafet. Buɗe ƙofar direba ka durƙusa da tocila ka leƙa sama inda fedar birki ta shige, ka shafa ƙarfen fedar da yatsa tun daga sama. Masta a wannan motar yana cikin akwatin feda ne a ɗakin inji, in robar bayansa ta mutu man baya ɗiga ƙasa, sandar turi yake bi ya gangaro ta jikin feda ya sauka kan kafet, kafet ta shanye tayi shiru. Ɗaga ta ka duba ƙarfen ƙasa, in kaga fenti ya yamutse ya tashi kamar fatar da ta ƙone to ka kama ɓarawo, don man birki cin fenti yake. Ka kwance murfin akwatin fedan daga sama ma ka duba. Amma kula, masta biyu ne a wajen a jere, na birki da na kuloci, mai iri ɗaya suke sha, na sha ganin an kwance na birki alhali na kuloci ne ke zuba. Goge su duka tas, ka taka kowanne sau goma ka ga wanne ne ya jiƙe.

Na biyu cikin dirom na baya. Gaba faifai ne da kalifa mai matse fad a jikinsa, baya kuma dirom ne mai inci 10, a cikinsa akwai ƙaramar silinda mai tura layinin. Ita wannan in ta fara naso ƙurar layinin ce ke shanye man ya zama wani baƙin kwaɓi kamar kwalli da aka dama, sai abin ya yi nisa sosai kafin kaga jiƙa a cikin taya. Ɗaga motar ka sa mata abin tokare mai kyau, kar ka yarda da jak kaɗai, cire dirom, sannan ka sa farce ka ɗan ɗaga robar ƙurar da ke bakin silindar. Cikin ya kamata ya zama a bushe. In mai ya fito, ko wani jan ruwa mai tsatsa, ta mutu. Anan ma akwai ruɗani ɗaya, oyil sil na aksul in ya lalace shima cikin dirom yake zubo man giya. Bambancin a hanci yake da ruwa, man giya yana da kauri da wani wari mai hawa kai kamar ruɓaɓɓen ƙwai kuma ruwa baya wanke shi, man birki kuwa siriri ne, in ka zuba masa ruwa sai ya narke ya bi ruwan. Kuma kar ka bari yaro ya hure ƙurar nan da iskar kwamfiresa, motar da ta daɗe haka zai iya yiwuwa tsohon layinin mai asbestos ne a jikinta, ƙurarsa illa ce ga huhu, tsumma mai danshi ake sawa.

Na uku, wanda yawancin kanikawa basa tunawa da shi sam, sarbo, wato abin da ke rage wa ƙafa nauyin taka birki. Ba duk MGB ke da shi ba, wasu daga kamfani aka saka wasu daga baya mai mota ya ƙara, amma na wancan zamanin ba irin na motocin yanzu bane da yake manne a bayan masta. Shi a gefe yake zaune shi kaɗai cikin ɗakin inji, kamar ƴar tukunya baƙa da silinda a hancinta, bututun mai ya shiga ya fita, sai wani tiyo mai kauri da ya tafi manifol na inji yana zuƙo iska. In robar da ke tsakanin silindar da tukunyar ta mutu, man cikin tukunyar yake taruwa, a rufe ruf, ba ɗigo ba alama. In ya taru da yawa inji ya fara zuƙe shi ta tiyon nan yana ƙonawa, sai kaga farin hayaƙi a salansa musamman in ka saki totur ko ka taka birki, mutane su ce gasket ne ya ƙone a je a kwance kan inji a banza.

Na taɓa samun irinta, wata GT ce, wato MGB mai rufaffen sama, mai ita ya gaji da sayen mai yace min shi dai ya fara zargin yaran gidansa ne ke wasa da bonet. Mun duba tayoyi huɗu a bushe, kafet a bushe, sai na zare tiyon sarbo na sa ɗan yatsa ciki ya fito sharkaf. Da muka kwance tukunyar muka karkata ta a kan roba, abinda ya zubo ya kusa cika kwalbar lemo, baƙi ƙirin. Mutumin ya tsaya yana kallo yana cewa ashe nan kuɗina suke. Kai ma gwajin kenan, zare tiyon ka duba cikinsa, sannan ka zura wata siririyar waya mai tsafta ta ramin har ƙasan tukunyar kamar yadda ake gwada man inji. In ta fito a jiƙe magana ta ƙare. Kuma wani abin daɗi da irin wannan sarbon, in kayan gyaransa basu samu da wuri ba ana iya tsallake shi, a haɗa bututu kai tsaye a toshe ramin manifol, motar zata yi birki, feda ce kawai zata ƙara nauyi, ai na farko-farkon ma haka suka fito babu shi.

In duk ukun nan sun fito a bushe sai ka bi layin da ido da hannu. Wanke ko ina ya bushe, ka sa wani ya zauna ya danne feda kai kana ƙasa da tocila da farar takarda kana dangwala kowace mahaɗa. Tiyo uku ne na roba, biyu a gaba ɗaya a baya wajen aksul, lanƙwasa kowanne ka ga ko ya tsattsage, ka riƙe shi a hannu lokacin da ake takawa ka ji ko yana kumbura. Bututun ƙarfe mai tafiya baya ka bi shi musamman inda kilif ya riƙe shi don nan danshi ke kwanciya tsatsa ta ci ta ƙarƙashi, da wajen akwatin batir, tunda irin taka batir biyu ne masu bolt 6 a bayan kujeru kuma ruwan batir baya barin ƙarfen da ke kusa da shi lafiya. Waɗanda ke kwance a kan aksul kuma sau da yawa zaka samu an matse su da jak ko igiyar ja. Kar ka manta da suwic ɗin wutar birki, a tsofaffin ciki a jikin mahaɗar bututu yake, matsin mai ne ke kunna shi, shima yana naso ta wajen da wayoyi suka shiga.

Akwai wata dabara in kana son raba gardama da sauri, a matse tiyo ukun nan da abin matse tiyo na musamman, ba filaya mai haƙori ba. In feda ta tsaya kamar dutse to matsalar a tayoyi take, sai ka riƙa saki ɗaya bayan ɗaya har ka ji wanda ya sa ta faɗi. In an matse duka tana nan tana sulalewa to masta ne ko sarbo ko bututu. Amma banda tiyo mai saƙar waya a jiki, shi ba'a matse shi.

Bari in faɗi wata magana kan cire iskar nan da aka yi sau biyu, ba don in ɓata bakanikenka ba, kusan kowa haka yake yi. Masta da ya shekara da shekaru robarsa iyakarta rabin hanya take zuwa ta dawo, can ƙarshen ramin tsatsa da datti sun taru tunda man birki yana jan danshi daga iska kuma motar ta yi shekara tara a tsaye. Ranar da aka zo cire iska yaro ya zauna yana dannan feda har ƙasa, taka, riƙe, saki, sai a tura tsohuwar roba ta bi ta kan wannan tsatsar ta yayyage bakinta. Da yawan masta a ranar bilidin, wato cire iskar nan, suke mutuwa. Shi yasa in tsoho ne nake sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kar ta kai ƙarshe.

To gyara fa. Ni ra'ayina, kuma na san aljihu zai ji, duk inda ka samu yoyon kar ka tsaya a nan. Robobin nan sa'annin juna ne, tare suka tsufa, ka gyara ɗaya matsi ya dawo daidai sai mai bi mata a rauni ta fashe bayan sati biyu. Mota mai layi ɗaya da ta yi wannan zaman, tiyo uku, silindar baya biyu, robobin kalifa, masta, duk a yi su lokaci guda a huta. Sa'ar da ka yi ita ce an ƙera MGB sama da 500,000, kayan birkinta har gobe ana samun sababbi a Ingila da Amurka, ba irin motar da zaka yi ta yawon nema bace. Ka dai ba mai sayarwa lambar bodin motar, don silindar baya ta mai buɗaɗɗen sama da ta GT faɗinsu ba lallai ya zo ɗaya ba, kuma a canza su biyu tare, in ba haka ba mota ta riƙa fizga gefe.

Masta da silinda, ka kwance ka wanke ka haska tocila cikin ramin. In santsi ne kamar madubi kit na sababbin robobi ya isa. In akwai ɗan rami da farcenka ke maƙalewa a ciki to kar ka ɓata kuɗin kit, samfefa bata cike rami sai dai ta ƙara faɗi, sabo zaka saya ko a saka masa hannun riga na ƙarfen da baya tsatsa in kana son ka riƙe na asali. Silindar baya dai bata da tsadar da za'a tsaya lallashinta. Layinin da ya sha mai kuma ya tashi aiki, na san ana wanke shi da fetur a cinna masa wuta a mayar, wallahi da ya ɗauki zafi man zai sake tsatsowa. A canza, hagu da dama.

Kalifa kuwa ƙirar kamfanin Lockheed ce mai fistin biyu. Tun kafin ka cire tiyo ka yi amfani da feda ka turo fistin ɗin waje, yafi sauƙi akan ka zo kana fama da su a kan benci. Duba jikinsu, in farin rufin ya ɓamɓare ko tsatsa ta huda shi sabuwar roba bazata daɗe ba, a sa sababbi. Ka lura da yadda ɗan yankan da ke bakin fistin yake fuskanta kafin ka cire don ka mayar haka. Kar ka raba kalifar gida biyu in ba dole ba. Sannan akwai siririn zoben ƙarfe mai riƙe robar ƙura, shegen abu ne, lanƙwashewa yake in bai shiga a miƙe ba, sayi da rara. In ka cire duka biyun kar ka musanya hagu da dama, ɗan nifil na cire iska sama yake kallo, in ya koma ƙasa ko kwana zaka yi kana bilidin iska bazata fita ba.

Abu ɗaya da nake roƙonka ka tsaya a kai da kanka, kar a wanke komai na cikin birki da fetur ko kananzir ko a shafa masa giris na yau da kullum. Robar birki bata shiri da duk man da aka samo daga fetur, kumbura take ta yi laushi kamar tuwo. Sifirit ko sabon man birki kawai. Haka in wani ya taɓa kuskuren zuba man giya na otomatik ko koren man Citroën a ciki, to duk wata roba ta tashi daga aiki.

Sai maganar bututu, inda ni kaina na taɓa cin duka ina saurayi. Motar Ingila ce ta zamanin inci, bututun inci 3/16 ne, notinsa 3/8 UNF, wato tiredin inci, mu kuma hannunmu ya saba da mita na su Peugeot da Toyota. Notin M10 na mita da wannan a ido kamar tagwaye, zai shiga zagaye biyu uku lafiya sannan ya fara tauri, ni kuma na ɗauka datti ne na sa sifana na ƙara masa ƙarfi, na cinye tiredin sabuwar silinda fil da aka jira wata guda kafin ta iso. Tun daga ranar duk notin birki da yatsa nake fara ɗaura shi har ya kusa zama, in ya ƙi da yatsa to ba nasa bane. Ka samu sifanar bututu ta inci mai ɗan tsagu, don ta yau da kullum murje kan notin take. Bakin bututun ma iri biyu ne, wani a kumbure wani a buɗe kamar mazurari, a kwaikwayi wanda aka cire. In za'a yi sabo a nemi na haɗin tagulla da nikel, baya tsatsa kuma yana lanƙwasuwa da hannu. Bututun jan ƙarfe zalla irin na firij ko na gas kar ya kusanci motar, girgiza na sa shi ya yi tauri ya tsage, haka walda ko faci a bututun birki babu shi. Woshar tagulla kuma sau ɗaya ake amfani da ita.

Mai kuwa DOT 4 ka saya a cikin gwangwani ko roba mai hatimi, lita ɗaya ta isa har da wanke layi, banda na tsiyaye da ake aunawa a kwalba. Sabon DOT 4 sai zafi ya kai akalla digiri 230 yake tafasa, in ya sha danshi yana iya saukowa wajen 155, to kaga dalilin da yasa ake canza shi duk shekara biyu ko motar bata je ko ina ba. Masu tsofaffin motoci wasu na son DOT 5 mai launin shuni-shuni saboda baya cin fenti baya jan ruwa, amma na silikon ne, baya gauraya da sauran, sai in komai sabo ne za'a fara da shi. DOT 5.1 kuma duk da sunan ya yi kama dangin DOT 4 ne ba na 5 ba.

In an gama haɗawa a fara ɗaure birkin baya tukuna, sannan a cire iska daga tayar da ta fi nisa da masta a taho ta kusa, ana lura kar tankin ya ƙafe a tsakiya. Ka sake gwajin minti ɗayan nan, ka bi duk mahaɗa da farar takarda, ka sa alama da maka a daidai inda mai ya tsaya. Gwajin farko a fili mara mutane, a giya ɗaya, hannunka kusa da hambirki, bayan kwana uku ka sake duba alamar.

Amma yau dai abu biyu zaka yi da basa cin ko sisi, ɗaga kafet ɗin direba, ka kuma zare tiyon sarbo in tana da shi. Ka kuma tuna ko ka taɓa ganin farin hayaƙi in ka saki totur ko ka taka birki, don baka faɗa ba a tambayarka. Abinda ka gani ka sanar da ni sai mu san da wanne za'a fara oda.